Ba jini ne ke tsorata mai karatu ba

A watan Satumba na 2024 tashar Adult Swim ta Amurka ta fara nuna Uzumaki, shirin katun mai kashi-kashi da aka ɗauko daga littafin zane na Junji Ito, ɗan ƙasar Japan. Kashi na farko ya sha yabo, na biyu kuwa ya sha suka saboda zanen ya lalace. Labarin yana nan yadda yake, amma tsoron ya gudu. Wannan kaɗai ya isa ya rushe tunanin nan mai ban haushi, wai jini da yanke-yanke ne ke sa littafin zane ya tayar da tsikar jiki.

Ito ya fitar da Uzumaki tsakanin 1998 da 1999. A cikin labarin, abin da ya addabi garin Kurouzu murɗaɗɗen zagaye ne kawai, irin na bayan dodon koɗi. Wani magidanci ya kamu da son wannan siffa, ya daina zuwa aiki, ya zauna a ɗaki yana ƙura wa tarkacen da ya tara ido. Mai karatu yana biye da shi, hankali na tashi a hankali. Sai ya juya shafi ya tarar da mutumin ya nannaɗe kansa cikin bahon katako, jikin duka ya bi zagayen, an zana shi da siraran layukan tawada har ido ya kasa kaucewa.

Sirrin yana wajen juya shafin. Littafin zane ba shi da kiɗa, ba shi da ƙarar da za ta firgita mutum kamar fim. Abin da yake da shi hannun mai karatu ne, domin shi zai buɗe wa kansa abin da yake gudu. Haka kaka mai tatsuniya take yi: ta rage murya, ta yi shiru kafin Dodo ya fito, yara su ƙarasa zana shi a zuci. Mai zanen da ya baje dodonsa tun shafi na uku, ko ya tsaya dogon bayanin asalinsa, ko ya malala jini a kowane hoto, ya kashe wannan jira. Ƙyama zai samu daga mai karatu, daga nan sai gundura.

Hukumomi ma sun daɗe ba su gane haka ba. A 1954 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna kan irin waɗannan littattafai, bayan likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya ɗora musu laifin lalata tarbiyyar yara. Masu buga littattafan suka kafa wa kansu ƙa'idar da ta hana zana gawawwaki masu tafiya da masu shan jini, kamfanin EC kuma ya daina buga littafin zanensa na tsoro, Tales from the Crypt, a 1955. An kori abin da ido ke gani, ba a tambayi abin da ke zama a zuciyar yaro ba. Iyayen da 'ya'yansu ke karanta manga, wato littattafan zane na Japan, a waya yau, kada su tsaya neman jan launi. Su karanta babi guda da kansu kafin su yanke hukunci.