SHAYARWA DA NAUYIN JIKI BAYAN HAIHUWA: ABIN DA YA KAMATA MAI JEGO DA IYALANTA SU SANI

Ya ke mai juna biyu, koke iri biyu ne ma'aikatan lafiya suka fi ji daga bakin mata bayan an yi arba'in. Wata za ta ce tumbinta ya ƙi komawa, kayanta na da duk sun matse ta. Wata kuma za ta ce yaro ya tsotse ta, ta rame har zani ba ya zama a ƙugunta. Ana jin waɗannan koke-koke a cikin birnin Kano, ana kuma jin su a Rano da Rurum da Kibiya da Tarai. Wannan bayani zai nuna miki yadda jiki yake komawa daidai bayan haihuwa, da rawar da shayarwa take takawa, da kuma lokacin da ƙiba ko rama take zama alamar ciwo.

INA NAUYIN CIKI YAKE TAFIYA?

Macen da take da matsakaicin jiki ana so ta ƙaru da kilo 11 zuwa 16 a tsawon goyon ciki. Wannan nauyi ba kitse ba ne duka. Akwai jariri, da mabiyiya, da ruwan da jariri yake kwance a ciki, da ƙarin jini, da girman mahaifa da na nono. Sauran shi ne kitsen da jiki yake ajiyewa a cinyoyi da ƙugu, tamkar hatsin da ake zubawa a rumbu, domin a yi nono da shi bayan an sauka.

A ranar haihuwa kaɗai mace takan rage kilo 5 zuwa 6. A makon farko za ki ga kina yawan fitsari da gumi. Ruwan da jiki ya tara ne yake fita. Mahaifa kuwa, wadda take kai kilo ɗaya a ranar haihuwa, takan tsuke a hankali har ta koma ƙasa da giram 100 cikin mako shida. Saboda haka kada ki damu idan kin ga cikinki da sauran girma ranar suna. Kitsen da aka ajiye shi ne yake ɗaukar lokaci, daga wata shida har zuwa shekara. Abin da ya taru cikin wata tara ba ya tafiya cikin kwana arba'in.

YADDA SHAYARWA TAKE TAIMAKAWA

Da zarar jariri ya kama nono, jiki yakan saki wani sinadari mai suna oksitosin. Shi ne yake sa nono ya zubo, kuma shi ne yake matse mahaifa. Murɗawar cikin da za ki riƙa ji yayin shayarwa a kwanakin farko, alama ce mahaifa tana komawa mazauninta, kuma hakan yana rage zubar jini. Wannan ya sa ake so a ɗora miki jaririnki a ƙirji, ya kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa.

Na biyu, yin nono aiki ne mai cin ƙarfi. Uwar da take ba da nono zalla tana samar da kusan kashi uku cikin huɗu na lita a kowace rana, kuma jikinta yana ƙona kalori kamar 500 wajen yin sa. Wani sashi yana fitowa daga abincin da ta ci, wani kuma daga kitsen da ta ajiye. Ta haka jiki yake raguwa a hankali.

Sai dai ki sani, jikin kowace mace daban yake. Wata takan ragu da wuri, wata kuma sai bayan yaye. Shayarwa tana taimakawa, amma ba maganin rage ƙiba ba ce. Raguwar da ba ta wuce rabin kilo a mako ba ita ce ba ta taɓa yawan nono.

NONO ZALLA HAR WATA SHIDA

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba jariri nonon uwa zalla har wata shida, sannan a haɗa masa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida suke samun nono zalla. Abubuwa biyu ne suka fi kawo cikas a wajenmu:

1. Zubar da dakashi. Wannan nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, ba gurɓatacce ba ne. Shi ne rigakafin farko na jariri. Ba ya buƙatar wanki ko gwaji.

2. Ba jariri ruwa. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, ya ishe shi ko da a zafin bazara. Ruwa yana cika masa ciki, ya rage tsotso, nono ya ragu, kuma yana iya jawo gudawa. Uwa ce za ta sha ruwan, ba jariri ba.

ABINCIN MAI JEGO

Kada ki rage cin abinci don ki rage jiki, musamman a wata biyu na farko. Mai shayarwa tana buƙatar abinci sau uku a rana, da ƙarin abin taɓawa sau biyu a tsakani. Ba sai da kayan kanti ba. Abin da ake nomawa a gonakin Rano da Kibiya ya wadatar idan an haɗa shi daidai:

- Masu ba da ƙarfi: tuwon dawa ko masara, kunun gero, fura, shinkafa, dankali.
- Masu gina jiki: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, nono, nama, hanta, da kifi, ɗanye ko busasshe.
- Masu kare jiki: zogale, rama, alayyahu, kuka, kabewa, gwanda, mangwaro, lemo.

Kunun da aka haɗa da gero da gyaɗa da waken soya ya fi kunu zalla amfani nesa ba kusa ba. Ƙauri da farfesun da ake yi wa mai jego abu ne mai kyau, amma kada gatan ya tsaya a makon suna, domin shayarwa ba ta ƙarewa ranar suna. Ki ajiye ruwa mai tsafta kusa da ke, ki sha duk lokacin da za ki ba da nono. Ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini kamar yadda aka rubuta miki, kuma kada ki haɗa shi da shayi, domin shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Idan ƙiba ce damuwarki, abin da za ki rage shi ne lemon kwalba, da sukari mai yawa a shayi da kunu, da soye-soye. Ba tuwo da miya ba.

KUMBURI BA ƘIBA BA NE

Wannan shi ne sashi mafi muhimmanci, a karanta wa duk mutanen gida. Sau da yawa akan ga mai jego ta yi ɓulɓul, fuska ta cika, ƙafafu sun yi nauyi, sai a ce jego ya karɓe ta. Wani lokacin ba ƙiba ba ce, ruwa ne ya taru a jiki saboda zuciya ta gaza.

Akwai ciwon zuciya da yake kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma Arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin da suka yi nazarinsa a Zariya a shekarun 1970 sun danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano da sauran sassan ƙasar nan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Ƙaraye, bai tabbatar da cewa waɗannan al'adu su ne tushen ciwon ba. Ya nuna cewa ya fi kama matan da suka rame ƙwarai, da waɗanda jininsu ya hau lokacin ciki, da masu ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Duk da haka kanwa cike take da sinadarin gishiri, wanda yake riƙe ruwa a jiki, ya hau da jini, ya ƙara wa zuciya kaya. Don haka muna ba da shawarar a yi kunu ba kanwa, a kuma sirka ruwan wanka ya zama mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ta kusanci kunun kanwa sam.

A garzaya da mai jego asibiti ba tare da jiran arba'in ba idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- kumburin ƙafafu ko fuska ko ciki, ko ƙaruwar nauyi cikin 'yan kwanaki;
- haki bayan ɗan aiki kaɗan, ko kasa kwanciya sai an jingina da matashi;
- tari da dare, ko bugun zuciya da sauri;
- ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ko jijjiga;
- zubar jini mai yawa, zazzaɓi, ko jinin biƙi mai wari.

Mutanen Rano da Kibiya su fara da asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Rano. Idan ana buƙatar hoton zuciya, za a tura su Kano, zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad.

IDAN RAMA TA YI YAWA

A karkara, rama ta fi ƙiba zama matsala. Macen da ta shiga ciki da ƙaramin jiki ba ta da ajiyar da za ta ɗiba. Idan ga shayarwa, ga daka da ɗiban ruwa da surfe, ga abinci bai isa ba, musamman da damina kafin sabon hatsi ya shigo, sai jiki ya fara cin kansa. Nononta yana nan da amfaninsa ga jariri, amma ita ce take biya. Maganin wannan shi ne a ciyar da uwa, ba a cire yaro daga nono ba. Yaye da wuri yana jefa yaro cikin haɗarin gudawa da tamowa.

Idan kuwa kina ci kina ƙoshi amma rama ba ta tsaya ba, ki zo a duba ki. Ƙarancin jini, tarin fuka, ciwon suga, cutar maƙoƙo, cuta mai karya garkuwar jiki, da tsananin damuwa bayan haihuwa duk suna sa rama, kuma dukkansu akwai abin da asibiti zai yi a kai.

A GUJI WAƊANNAN

- Shayin rage ƙiba da ƙwayoyin rage tumbi. Yawancinsu gudawa ko fitsari suke sawa. Ruwan jiki suke fitarwa, ba kitse ba, kuma wasu suna shiga cikin nono.
- Magungunan sa ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Suna kumbura fuska da jiki, suna jawo hawan jini da ciwon suga, suna raunana garkuwar jiki.
- Ɗaure ciki tamau. Ɗauri sassauƙa yana iya ba ki sauƙi, amma ba ya narka kitse. Wadda aka yi wa tiyata ta tambayi likita tukuna.

MOTSA JIKI DA TAZARAR HAIHUWA

Ki fara da 'yar tafiya a tsakar gida tun kwanakin farko, kina ƙarawa a hankali. Ki riƙa matse gabanki kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki, sau goma, safe da rana da dare. Wannan yana hana yoyon fitsari lokacin tari ko atishawa. Ɗaukar kaya masu nauyi da daka su jira har bayan mako shida, ko fiye ga wadda aka yi wa tiyata.

Jiki yana buƙatar hutu kafin wani cikin. Ana so a sami aƙalla shekara biyu tsakanin haihuwa da ɗaukar sabon ciki. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar ɗaya ya faɗi, kwanika tana iya faruwa. Ku zo ke da maigida a yi muku bayanin hanyoyin tazara da ba sa taɓa nono.

KIRA GA MAIGIDA DA IYAYE

Maigida, ragon suna ba shi ne ƙarshen hidima ba. Ka tanadi wake da gyaɗa da kuɗin cefane na watanni, da kuɗin mota idan ta kama a tafi asibiti da dare. Ka bar izini tun kafin ka yi tafiya, kada a zauna jiran ka alhali numfashi yana gagara. Kada kuma ka yi mata gorin tumbi ko na rama. Iya da Gwaggo masu kula da wanka, ku ne idon asibiti a cikin ɗaki: ku ɗauke mata aiki, ku tabbatar ta ci, ku duba ƙafafunta kullum.

RANAKUN DAWOWA AWO

A duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, sai kwana na uku, sai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai kuma mako shida. Ko a gida kika haihu, ki zo. A kowane zuwa ki nemi a auna jininki, a ɗora ki a sikeli, a rubuta a katinki, domin da shi za a gane ko jikinki yana tafiya daidai.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa.