Mai Juna Biyu da Ciwon Lufus ko Amosanin Gaɓɓai: Kada Ki Yanke Magani da Kanki

'Yar'uwa mai juna biyu, ciwon lufus da amosanin gaɓɓai suna tasowa ne idan garkuwar jiki ta juya tana yaƙar jikin da ya kamata ta kare. Daga nan sai kumburi da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci har ƙoda ta taɓu. Mata da dama kan ajiye magani da zarar sun sami ciki, ko don tsoron kada ya cutar da jariri, ko don tsadarsa. Wannan babban haɗari ne. Idan lufus ya tashi a lokacin goyon ciki, yana iya jawo ɓari, hawan jini, jijjiga ko haihuwar bakwaini.

Wanne za ki sha, wanne za ki bari?

Duba sunan da ke jikin kwali. Hydroxychloroquine da azathioprine ana shan su da ciki bisa umarnin likita. Methotrexate da mycophenolate kuwa suna jawo ɓari da nakasa ga jariri, don haka ake sauya su tun kafin a ɗauki ciki. Idan kin gano kina da ciki alhali kina shan ɗayansu, ki zo asibiti a ranar. Ibuprofen da diclofenac kuma ki guje su daga mako na 20, sai in likita ya rubuta.

Illolin magani

Hydroxychloroquine kan sa tashin zuciya, sai ki riƙa shan sa bayan cin abinci. Prednisolone kan ƙara ƙiba, ya ɗaga suga da hawan jini, saboda haka kada ki fasa zuwa awo. Ba a yanke shi farat ɗaya, likita ne ke rage shi sannu a hankali. Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, dishi-dishin gani, kumburin fuska ko zubar jini, duk ba na jira ba ne.

Idan kuɗi ya yi wuya

Faɗa wa likita gaskiya, babu abin kunya. Yana iya rubuta miki irin maganin na wani kamfani mai rahusa. Ki tabbatar akwai lambar NAFDAC, kuma ki guji masu tallar magani a tasha da kasuwa. Kada ki raba ƙwaya biyu ko ki tsallake rana don ta daɗe. Tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya game da tallafi da inshorar lafiya ta NHIA ko ta jiharki.

Maigida, a ware kuɗin maganin wata tare da na cefane, a kuma sayo kafin na hannu ya ƙare. Kuɗin ƙwaya bai kai na kwanciya a asibiti ba.

Allah Ya sauke ki lafiya.