Wa'azin Mudu da Rajista: Tarbiyyar Kirista a Ƙasar Kebbe

Duk wanda ya san Kebbe da Kuchi, ko ya bi hanya daga Tambuwal ya nausa kudu zuwa iyakar Zamfara da Kebbi, ya san ƙasa ce ta Musulmi kaka da kakanni. Kiristocin da ke zaune a cikinta ba su da yawa, kuma akasarinsu aiki ne ya kawo su: ɗan bautar ƙasa da aka tura makarantar sakandare, ma'aikaciyar jinya a asibiti, ɗan sanda ko soja a bakin hanya, mai kantin magani ko kayan gyaran babur. Mutanen gari ba sa shiga coci su ji abin da ake koyarwa ranar Lahadi. Abin da suke gani a hannun waɗannan baƙi daga Litinin zuwa Asabar shi ne iyakar saninsu da Kiristanci. Saboda haka tambayar yadda ake gina tunanin Kirista a kan gaskiya da riƙon amana da adalci ta fi nauyi a irin wannan wuri, inda halin mutum ɗaya yake zama shaida a kan jama'a guda.

Tarihi ma ya nuna haka. Turawan mulkin mallaka sun takaita wa'azin 'yan mishan a masarautun Arewa, don haka ƙofar da ta buɗu wa ƙungiyar SIM a shekarun 1930 ita ce ta jinyar kutare: Amanawa kusa da Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A wurin wanke gyambo da raba magani aka auna su. Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga SIM a 1954, ta gaji wannan matsayi na wanda ake kallon hannunsa kafin a saurari bakinsa.

Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito tun 1932, bai bar waɗannan ɗabi'u a sarari kawai ba. Ya ɗaure su da sana'a. A sura ta 3 ta Bisharar Luka, masu karɓar haraji da sojoji sun tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi. Ya hana na farko karɓar fiye da abin da aka ƙayyade, ya hana na biyu ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. A sura ta 19, tuban Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya bayyana ne a alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Littafin Sarakuna na Fari kuwa ya kawo labarin Nabot, wanda aka kashe da shaidar zur don Sarki Ahab ya samu gonar inabinsa, sai Annabi Iliya ya tare sarkin da laifinsa ido da ido. Gona, haraji, shingen hanya, shaida a gaban alƙali: babu ɗaya da baƙo ne ga manomin Kebbe.

A zamaninmu, misalin da ya fi kusa shi ne Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda yake jagorantar ɗarikar Katolika ta Sakkwato tun 2011. Kafin nan shi ne sakataren hukumar Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wadda gwamnatin Obasanjo ta kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam. Hukumar ta karɓi koke kusan 10,000, ta miƙa rahotonta a 2002. Tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, ba su bayyana a gabanta ba, gwamnati kuma ba ta fitar da rahoton a hukumance ba. Duk da haka, a 2015 Kukah ya zauna da Abdulsalami a Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, wanda ya sa Jonathan da Buhari suka sa hannu a kan yarjejeniyar amincewa da sakamakon zaɓe. Mutum na iya saɓa wa Bishop ɗin, kamar yadda da yawa suka yi a kan saƙonsa na Kirsimeti na 2020, amma darasin yana nan: faɗin gaskiya game da mutum bai hana a haɗa hannu da shi don kare rayuka ba.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce ta lokacin makoki. A Janairun 2020 aka sace Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga ɗarikar Sakkwato, a makarantar horar da limamai ta Good Shepherd da ke Kaduna, aka kashe shi. Ranar 12 ga Mayun 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kisan da fadar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da shi. Kirista yana da haƙƙin neman a hukunta masu laifi, kuma bai kamata ya gaji da nema ba. Amma gaskiyar da yake ikirari ta wajabta masa ya ƙirga matafiyan da 'yan bindiga suka ƙona a mota a yankin Sabon Birni a Disamban 2021, da ƙauyawan Musulmi da ake kora daga gonakinsu. Wanda yake kukan gawar nasa kaɗai, ƙabilanci yake yi da rigar addini. Haka nan mai tura hoton da bai tantance ba a WhatsApp ya shiga sahun shaidun Nabot, ko da zuciyarsa na ƙuna.

To, ta yaya ake dasa wannan tunani? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Makarantar Lahadi ta koya wa yaro cewa satar amsa a jarrabawa sata ce. Dattawan ikilisiya su riƙa karanta lissafin baiko a gaban jama'a dalla-dalla, domin cocin da ke ɓoye asusunta ba ta da bakin tuhumar ƙaramar hukuma. Fasto ya daina ba mai kuɗin da ba a san tushensa ba kujerar gaba. A tambayi ɗan bautar ƙasa sau nawa ya shiga aji a wata, a tambayi mai kanti ko yana sayar da maganin da wa'adinsa ya ƙare, kamar yadda ake tambayarsu azumi da addu'a.

Maƙwabcinsa Musulmi ba zai ji wannan a matsayin baƙon yare ba, domin a ƙasar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, wanda ya soki cin hanci da harajin zalunci a Kitabul Farƙ. Sunayen littattafan sun bambanta, amma tauye mudu haram ne a gida biyun. Ranar da ɗan Kebbe zai ba Kirista ajiyar kuɗin taki ba tare da neman shaida ba, wa'azin ya isa inda aka aike shi.