Kwana Biyu Cikin Bas Zuwa Duwatsun Kagoro

A ƙasar Sikotlan, can arewa da Ingila, akwai wata sana'a wadda take ci da mutane da yawa. Mai ƙaramar bas yakan kwashi baƙi daga birnin Edinbara, ya ratsa da su cikin duwatsu har tsibirin Sikai, bayan kwana uku ya komo da su. Sau da yawa direban shi ne ja-gora. Yana tuƙi yana faɗa musu sunan kowane dutse da abin da ya taɓa faruwa a gindinsa. Dutsensu mafi tsawo, watau Ben Nebis, mita 1,345 ne. Dutsen Shere na kusa da Jos kuwa ya haura mita 1,800. Ashe duwatsu muna da su, mai nuna mana su ne babu.

Ku duba gidajenmu na Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. Iyaye da yawa daga kudancin jihar nan suka zo neman aiki, tun sa'ad da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957. 'Ya'yansu da jikokinsu a gari aka haife su. Ba sa zuwa gida sai Kirsimati ko jana'iza, a matse cikin mota, rabin hanya suna barci. Tambayi yaro sunan dutsen da ke bayan gidan kakarsa, sai ya yi maka shiru.

Maganin wannan ba shi da wuya. Iyali huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su yi shatar bas, su nemi dattijo ɗaya wanda ya san ƙasar, su ba shi kujerar gaba.

Daga Sabon Tasha sai a kama hanyar Kachia. Za a wuce matatar mai wadda aka buɗe a 1980, sa'an nan Kujama da Kasuwan Magani. A Kajuru duwatsu suke fara tasowa, manya sumul kamar an kifa ƙwarya. Bisa ɗaya daga cikinsu wani Bajamushe ya gina gida irin na sarakunan Turai na dā. Kachia ƙasar citta ce, a tsaya a sha ruwa. Daga nan sai Zonkwa, sai Samarun Kataf, sai ga dutsen Kagoro ya tare gabas kamar ganuwa.

A nan ne ya kamata dattijon ya sa a kashe mota. Dutsen nan bakin tudun Filato ne ta yamma. Da damina iska takan taso daga teku ɗauke da laima, in ta bugi dutsen sai ta hau sama ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa ƙasar take da kurmi da rafuffuka fiye da Kaduna. Kakannin mutanen Kagoro a bisa dutsen da cikin kogwanninsa suka ɓuya daga mahara masu kamun bayi, gama doki ba ya iya hawa. Sai a zamanin Turawa mutane suka yawaita a gindi. Bikin Afan da suke yi kowace ranar 1 ga Janairu, ma'anar sunansa dutse ne a harshensu. Marigayi Gwamna Awan ya yi sarautar garin daga 1945 har 2008, shekara 63 ke nan. Yaron da ya ji wannan yana tsaye a wurin, ƙafarsa na ciwo don hawa, ba zai manta ba. A ganina ya fi darasi goma a aji.

Kwana a Kafanchan ya fi sauƙi. Da safe a je Matsirga kusa da Madakiya, inda kogi yake faɗowa daga kan dutse da ƙara. Iyaye mata, ku riƙe hannun ƙanana, dutsen wurin yana da santsi ƙwarai.

Amma dole mu faɗi gaskiya a kan hanyar. An yi rikici a Kasuwan Magani a watan Oktoba na 2018, an rasa rayuka da yawa. A watan Afrilu na 2019 'yan bindiga suka faɗa wa gidan nan na Kajuru, suka kashe baƙi biyu. An kuma sha sace matafiya tsakanin Kaduna da Kachia. Saboda haka kada kowa ya ɗebi yara bisa ga labarin bara. A tambayi direbobin tasha da 'yan'uwa na can a makon tafiyar, in suka ce a dakata, a dakata. A tashi bayan gari ya waye sosai, a isa masauki kafin la'asar, kada a tsaya ɗaukar hoto a dajin da ba kowa.

Watan Nuwamba ya fi dacewa, gama ruwan sama ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, Matsirga kuma tana da sauran ƙarfi. Masu son ganin Afan su nemi masauki tun da wuri, domin a makon nan baƙi sukan cika Kagoro da Kafanchan.