Rubutun Ado A Allunanmu: Ina Na Gida Ya Shiga?

Duk wanda ya ratsa kasuwar Adjamé ko ya bi layukan Treichville, in ya ɗaga kai zai ga allunan shaguna birjik: na teloli, na masu sayar da atamfa, har da na 'yan'uwanmu masu garba. A da masu fenti ne ke zana su da buroshi, kamar yadda suke rubuta kirari a jikin gbaka. Yanzu kuwa galibi da kwamfuta ake bugawa, kuma abin da ake yayi shi ne wannan siririn rubutu mai lanƙwasa da jela, wanda Faransawa ke kira "anglaise" domin asalinsa daga marubutan Ingila ne na ƙarni na 18.

Ba mu ƙi shi ba. A katin aure ko na suna yana da kyau ƙwarai. Amma a allon shago ɓarnar kuɗi ce, domin wanda ke cikin mota ba zai iya karanta shi ba, balle in an jera shi da manyan baƙaƙe zalla.

Abin da ya fi damunmu shi ne Larabcin da ke saman katin. Kusan kullum bisimillar da rubutun Gabas take fitowa, alhali da yawanmu da warash muka yi karatun allo a Kano, Katsina ko Maraɗi, wato rubutun nan mai kauri na alƙalamin kara, wanda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Dattawa ba su manta da Alƙur'anin hannun Sharif Bala Gabari na Kano ba, wanda aka buga aka yaɗa ko'ina. Shi ma rubutun ado ne, ga kuma zayyana da ake yi wa allon mai sauka. To, yaran da aka haifa a nan Abijan, in ba su gan shi a kati ko a bango ba, a ina za su saba da shi? Muna da wasiƙun iyaye na ajami a akwati, wa zai karanta su nan gaba?

Masu ɗab'i sukan ce kwamfutarsu ba ta da shi. Wannan hanzari ya ƙare tun 2017, lokacin da ƙungiyar SIL International ta fitar da samfurin baƙaƙe mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun Kano. Akwai kuma Harmattan, siriri, na warash shi ma, wanda ya fi dacewa da dogon bayani. Dukansu kyauta ake sauke su a intanet.

Saboda haka mai shirin biki ya ambaci sunan Alkalami a wurin mai ɗab'i, kuma ya kai wa malami gwajin farko ya duba ɗige-ɗige da wasula kafin a buga ɗari biyar.