Kushewa, makabarta, hubbare: Kalmomin da mai neman kabarin kakansa ya kamata ya rarrabe

A Turai, mai binciken asalin danginsa yana karanta suna da shekara a jikin dutsen kabari. A Dingyadi da sauran garuruwan Bodinga da Shagari kuwa, yawancin tsofaffin kaburbura ba su da rubutu. Tudun ƙasa ne, wani lokaci da fasasshiyar tukunya ko itace a matsayin alama, damina kaɗan su shafe shi. Shi ya sa kalmar da dattijo ya furta kan zama shaidar da ta rage.

Kabari da makabarta daga Larabci suka shigo. Kabari na mutum ɗaya ne, makabarta filin jama'a ce, galibi a bayan gari. Kushewa tsohuwar Hausa ce mai nufin kabari, tsofaffi sun fi riƙe ta. A karin harshen Sakkwato za a ji "an bizne shi" maimakon "an binne shi", kada baƙo ya ɗauka wata magana ce daban.

Hubbare shi ya fi rikita matasa. Ba kowane kabari ake kira haka ba, sai makwancin babban malami ko shugaba, wanda aka kewaye ana ziyarta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Bodinga ta yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Can ya rasu a 1817, kuma Hubbaren Shehu a gidansa yake, inda aka binne 'yarsa Nana Asma'u ita ma. Na ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana Wurno. Don haka idan aka ce kakan wani "yana hubbare", magana ce ta matsayi ko kusanci da gidan sarauta, kuma ta cancanci a bi diddiginta, domin iyalai kan ƙara wa labari gishiri.

Akwai kuma "cikin gida". A da, wasu sarakuna da malamai a gidajensu ake binne su, neman su a makabartar gari ɓata lokaci ne.

Kalmar da aka fi yin sakaci da ita ita ce kufai, wato inda gari ya tashi ya bari. Mutane kan ƙaura, matattunsu na nan. Kufai da yawa sun koma gonaki, kuma iyakar tsohuwar makabarta sai a bakin liman, mai unguwa ko masu haƙar kabari. Mai bincike ya fara da su, ya ɗauki muryarsu a waya da izininsu, ya kuma tambayi sunan gonar da na mai noma ta a yanzu.