Yadda ake gano layukan manhaja da gwaji bai taɓa ba

A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyara na gaggawa ga wayoyin iPhone, bayan an gano cewa an maimaita wani layi guda a cikin manhajar da ke tantance shafukan intanet masu tsaro. Layin shi ne goto fail, kuma maimaicinsa ya sa manhajar tana tsallake matakin duba sa hannun shafi, ta yadda ɗan kutse da ke kan hanyar sadarwa ɗaya da mutum zai iya yi masa sojan gona da sunan bankinsa. Matakin yana nan a rubuce, sai dai aiki ba ya kaiwa kansa.

Irin wannan giɓi ne ya sa masu rubuta manhaja ke auna iyakar inda gwajinsu ya taka. Tambayar ita ce: cikin dukkan layukan da aka rubuta, waɗanne ne kwamfuta ta bi ta kansu a lokacin gwaji, kuma sau nawa?

Ga harsunan da sai an harhaɗa rubutunsu zuwa harshen na'ura kafin su yi aiki, kamar C da C++, sanannen ma'auni shi ne gcov. Yana zuwa ne tare da GCC, manhajar harhaɗawa ta shirin GNU wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987. Ba shi da hoto ko maɓallin latsawa. Rubuta masa umarni ake yi.

Aikin yana farawa tun wajen harhaɗawa. Idan aka rubuta gcc --coverage lissafi.c, GCC zai dasa ƙananan ma'ƙirga a mararrabar manhajar, wato wuraren da aiki ke iya bin wannan hanya ko waccan, sannan ya ajiye taswirar hanyoyin a fayil mai ƙarshen .gcno. Sai a kunna manhajar a yi mata gwaji. Da zarar ta kammala, za ta zuba abin da ta ƙirga a fayil na biyu mai ƙarshen .gcda. Daga nan umarnin gcov zai haɗa fayilolin biyu ya fitar da kwafin rubutun asali, kowane layi da lamba a gefensa. Layin da aka bi sau 40 zai nuna 40. Wanda ba umarni ba ne, kamar bayanin da marubuci ya bar wa na bayansa, zai nuna ɗan jan layi. Wanda kuwa ba a taɓa bi ta kansa ba, alamar ##### ce za ta tsaya a gefensa, kuma nan ne ido ya kamata ya fara sauka.

Akwai wuraren da sabon hannu kan yi tuntuɓe. Ƙirgar tana taruwa ne a kan ta baya duk lokacin da aka sake kunna manhajar, saboda haka wanda bai goge tsohon .gcda ba zai ga alƙaluman jiya haɗe da na yau. Idan kuma manhajar ta mutu ba zato, galibi ba ta samun damar rubuta ƙirgarta. Haka nan ana son a kashe dabarun ƙara sauri da -O0, domin mai harhaɗawa kan haɗe layuka ko ya sauya musu wuri.

Ƙirgar layi kaɗai tana iya ruɗin mutum. Layi guda na iya ɗauke da sharaɗi mai fuska biyu, gwaji ya bi ta fuskar “e” kawai, amma lamba ta bayyana a gefensa kamar an gama da shi. Ƙara -b ga gcov yana nuna kowane reshe daban. A manhajar jiragen sama ma wannan bai isa ba: ƙa'idar DO-178C ta wajabta wa manhajar da kuskurenta ka iya kayar da jirgi a nuna cewa kowane ɓangaren sharaɗi yana iya sauya sakamako shi kaɗai. GCC 14, wanda ya fito a 2024, ya ƙara hanyar auna hakan.

Abin da ma'aunin ba ya iyawa shi ne ganin layin da ba a rubuta ba. A watan Afrilun 2014, makonni kaɗan bayan batun Apple, aka bankaɗo matsalar Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ta bai wa 'yan kutse damar kwasar bayanan sirri daga rumbunan shafukan intanet. A nan marubucin ya bar duba tsawon saƙon da ke shigowa ne gaba ɗaya. Ko da gwaji ya bi ta kowane layi na wannan sashe, rahoto zai nuna kashi 100 cikin 100, ɓarakar kuma tana nan. Shi ya sa shugaban da ke neman kaso kawai daga ma'aikatansa kan samu gwaje-gwajen da ke ratsa layuka ba tare da sun duba ko amsar da ta fito daidai ce ba.

Ga manyan ayyuka masu ɗaruruwan fayiloli, lcov da genhtml suna mayar da sakamakon gcov shafuka masu launi da ake dubawa a burauza, inda layukan da gwaji bai kai gare su ba ke fitowa da ja.